Ɗan jirgin kuza na Zariya zuwa Jos: darasi ga ƴan kasuwar Maraɗi

Kafin shekarar 1912, ƴan dako da jakuna ne ke sauko da kuza daga tsaunukan Jos, tafiyar kwanaki da kaya a ka. Don a rage wannan wahala da tsadarta ne Turawan Ingila suka shimfiɗa wata ƴar siririyar hanyar jirgi daga Zariya. Faɗinta santimita 76 kacal, tsawonta ya haura kilomita 200. Ta kai Rahama a 1912, ta isa Bukuru a 1914. Sun laƙaba mata sunan Bauchi, ko da yake ba ta taɓa shiga garin Bauchi ba.

Ɗan jirgin ya kwashi kuza zuwa Zariya, inda ake juye ta cikin babban jirgin Legas. Fasinja da kayan masarufi ma sun samu shiga, amma kuza ce uwar tafiya.

A 1927 babbar hanya daga Kafanchan ta iso Jos, kuza ta koma bin ta zuwa Fatakwal. Ɗan jirgin ya yi ta jan ƙafa har aka rufe shi a 1957.

To, ƴan kasuwa maza da mata, a 2021 aka aza harsashin hanyar jirgin Kano zuwa Maraɗi. Jirgin da ya dogara da kaya iri ɗaya, ranar da kayan suka sauya hanya ya mutu. Tun yanzu ya kamata ƙungiyoyinku su nemi wurin lodi da farashi mai sauƙi don wake, albasa da bisashe.