Lissafin Gandu: Yadda Gidan Manomi Ke Riƙe Tarihin Dukiyarsa

Gandu shi ne tsarin da gidan manomi a ƙasar Hausa ya daɗe yana tafiyar da noma da dukiya a kansa. Uba ne mai gandu. 'Ya'yansa maza, har waɗanda suka yi aure, suna aiki a babbar gona tun da sassafe zuwa wajen azahar, sannan kowa ya wuce gayaunarsa, wadda abin da ya noma a ciki nasa ne. Shi kuwa mai gandu, ciyar da gida na wuyansa, da iri, da fartanya da garma, da harajin kowane baligi a zamanin da ake biyansa, da kuɗin auren fari na 'ya'yansa. Ba a rubuta wannan yarjejeniya, amma kowa ya san iyakarta, kuma a kanta lissafin gida yake tsayawa.

Littafin farko na irin wannan gida rumbu ne. Da kaka, in an ɗaure gero da dawa, ana ƙirga dami tun a gona, a ware na goma a gefe ɗaya domin zakka, tun da abin da ruwan sama ya shayar ɗaya cikin goma ake fitarwa, na ban ruwa kuma ɗaya cikin ashirin. Saboda haka maigidan da ya tuna zakkar da ya fitar a wata shekara, ya tuna duk abin da ya noma. Babban rumbu akan liƙe shi, ba a buɗewa sai damina ta faɗi, lokacin da aiki ya yi yawa, hatsi kuma ya yi tsada. Ranar da aka buɗe rumbu da ranar da aka share gindinsa su ne ma'aunin shekara: gidan da hatsinsa ya kai shi sabuwar kaka ya tsira, wanda nasa ya ƙare tun ana noman farko sai ƙwadago ko bashi. Shekarun ma da abin da ya faru a cikinsu ake kiran su, shekarar fara, shekarar yunwa, shekarar da sarki wane ya hau.

Misali mafi cika na tarihin gida ɗaya da aka adana daga baki shi ne na Baba ta Karo, wadda aka haifa wajen 1877 a kan iyakar Kano da Zazzau. Tsakanin 1949 da 1950 ta ba wata Baturiya, Mary Smith, labarin rayuwarta da Hausa, aka buga shi littafi da Turanci a 1954, bayan rasuwarta. Danginta Barebari ne, manoma kuma malamai, kakanta ya kafa rinji da bayi masu yi masa noma. Ta faɗi yadda aka raba bayin tsakanin magada, da yadda ake haɗa wuri a fanso ɗan'uwan da mahara suka kama, da yadda bayi suka watse bayan zuwan Turawa, arzikin gidan ya ja baya. Ba ta riƙe takarda ko ɗaya ba, amma ta kawo lissafin zuriya uku, kuma mace ce ta kawo shi, abin da masu neman tarihin gidaje suke yawan mantawa.

Takarda takan shigo gidan manomi ta ƙofa uku: bashi, mutuwa da haraji. Aya ta 282 a Suratul Baƙara ta yi umarni da rubuta bashi da kafa shaidu, don haka malamin unguwa kan rubuta jinginar gona ko cinikinta da tawada, cikin ajami ko Larabci, da sunayen shaidu da na maƙwabtan iyaka. Irin wannan 'yar takarda, wadda ba ta wuce tafin hannu ba, akan naɗe ta a sa a gafaka ko ƙasan adaka, ta yi shekara hamsin ba a taɓa ta ba sai ran da rigima ta tashi. Rabon gado shi ne lissafi mafi faɗi da gida ke yi, domin a ranar ake fito da komai fili: gonaki, dabbobi, hatsin rumbu, bashin da ake bin mamaci da wanda yake bi. Sai an biya bashi da wasiyya, sannan mata su ɗauki tumuninsu in akwai 'ya'ya, namiji kuma ya sami rabon mata biyu.

Haraji ne ya sa takarda ta zama ta kowane gida. A lardin Kano Turawa sun sa malaman taki su auna gonaki da sawu, a yanka kuɗi gwargwadon faɗin gona. Kuma da kuɗin Turawa ake biya, ba da wuri ba, sai lissafi ya tashi daga zambar da keso ya koma anini, kwabo, sisi, sule da fam. Neman sulallan haraji na cikin abin da ya tura manoma ga gyaɗa, musamman da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, aka fara cinikinta gadan-gadan a 1912, 'yan kasuwa irin su Alhassan Ɗantata suna saye wa kamfanonin Turawa. Rasit ɗin haraji da aka jera shekara bi shekara yana nuna mazan gida nawa ne suka balaga, da lokacin da ɗa ya fita daga gandu ya fara biyan nasa. A 1973 naira ta maye gurbin fam, fam ɗaya naira biyu. Fari ya biyo baya, cutar gyaɗa ta 1975 ta ƙarasa abin da ya saura, dalar gyaɗa ta ɓace. A 1979 gwamnonin Kano da Kaduna, Abubakar Rimi da Balarabe Musa, suka soke haraji da jangali. Talaka ya huta, amma daga nan wannan layin takardu ya yanke a gidaje da yawa.

Abin da lissafin zuriya yake bayyanawa, in an bi shi, shi ne arzikin noma ba ya daɗewa wuri ɗaya. Polly Hill, wata masaniyar tattalin arziki daga Ingila da ta zauna Batagarawa kusa da Katsina a 1967, ta tarar da tazara mai faɗi tsakanin manoman ƙauye ɗaya: wasu na sayen hatsi da kaka su ɓoye su sayar da damina, wasu na sayar da nasu da araha su dawo su saya da tsada, har ta kai su ga jinginar da gona. Amma ta lura cewa mai hali yakan tara mata da 'ya'ya, in ya rasu gandu ya watse, gonar da ta riƙe gida guda ta rabu gida shida ko bakwai. Jikan mai rumbu goma yana iya zama ɗan ƙwadago a gonar da kakansa ya share.

Lissafin mata daban yake tafiya. Tumaki da awakin mace nata ne, haka ribar ƙuli-ƙuli da fura da zubin adashi. Gudummawar biki kuwa bashi ce mai daraja: abin da ƙawa ta kawo ran suna ko aure sai an mayar mata da ƙari ran nata. Da a ka ake riƙe wannan, yanzu akan sa 'yar makaranta ta rubuta a littafin rubutu, suna da kuɗi, layi bayan layi.

Yau gona ta yi tsada, musamman a kewayen birane, kuma rigimar iyaka da ta gado ta cika kotuna. Sau da yawa shaidun sun rasu, takardar kuma gara ta cinye ko ruwa ya jiƙe ta. Gidan da har yanzu yake da tsohuwar takardar jingina, ko rasit ɗin haraji, ko tsohuwar da ta san wanda ya share kowace gona, ya kamata ya ɗauki hoton takardun da waya, ya nemi mai karanta ajami ya fassara su, ya kuma naɗi muryar tsohuwar tun tana raye.