Ɗaukar hoton ƙananan halittun teku: Kayan da suka fi dacewa da matafiyi

A mashigin ruwan Lembeh da ke arewacin tsibirin Sulawesi na ƙasar Indonesiya, masu nutso kan shafe sa'a guda a kan baƙin yashi suna neman halittun da ba su kai tsawon ɗan yatsa ba. Wannan wuri, tare da Anilao a ƙasar Filifin, na cikin inda masu ɗaukar hoton ƙananan halittun teku suka fi zuwa. Sai dai kafin a isa can akwai doguwar tafiya ta jirgin sama zuwa birnin Manado, sannan mota zuwa Bitung, sannan kwalekwale. Kamfanonin jirage da dama kuwa ba sa barin jakar hannu ta wuce kilo 7. Shi ya sa nauyin kaya ya zama tambaya ta farko, kafin ma a zo maganar kyan hoto.

Ruwa yana sauya yadda haske ke tafiya. Jan launi ne ke fara ɓacewa, cikin kimanin mita 5 na farko, sai ruwan lemo da rawaya su biyo baya, har komai ya koma shuɗi. Haka kuma ruwan cike yake da ƙura da ƙwayoyin halittu, waɗanda ke fitowa a hoto kamar an watsa gari idan haske ya buge su kai tsaye. Maganin duka biyun shi ne a matsa kusa da abin da ake ɗauka, a kuma zo da hasken kai. Wannan ne ya bai wa ƙaramar kyamara dama: a nisan santimita kaɗan, ratar da ke tsakaninta da babba kan ragu ƙwarai.

Kyamarar da ta fi shahara a wannan fanni ita ce Olympus Tough TG-6 ta shekarar 2019, da magajiyarta OM System TG-7 da ta fito a 2023. Nauyinta kusan giram 250 ne, tana kuma iya ɗaukar abin da ke nisan santimita 1 daga gilashinta ba tare da ƙarin wata na'ura ba. Ita kanta tana jure ruwa har zurfin mita 15, kuma a nan ne sabon shiga kan ruɗe. Ɗan ƙaramin dokin teku da masana ke kira Hippocampus bargibanti, wanda tsawonsa kimanin santimita 2 ne, yana rayuwa ne a jikin wani nau'in murjani, galibi a zurfin da ya wuce mita 15. Wanda ya je neman sa da kyamarar haka kawai, to yana wasa da kuɗinsa, domin kowace mita 10 da aka nutsa, ruwa na ƙara matsi daidai da na iskar da ke doron ƙasa. Akwatin kariya na PT-059 da aka ƙera mata yana kai ta mita 45, yana kuma da gurbin ɗaura fitila.

Rauninta shi ne ƙanƙantar farantin da ke karɓar haske, mai megafiksel 12. Hoton zai yi kyau a waya da jarida, amma ba zai jure a faɗaɗa shi sosai ba. Mai son fiye da haka kan koma ga irin su Sony RX100, masu farantin inci ɗaya. Su kuma ba sa gani kusa yadda ake so, sai an ɗaura musu wani gilashin ƙara girma a gaban akwatin, wanda ake iya sawa da cirewa a cikin ruwa. Gilashin na da nauyi, kuma yana taƙaita wurin da ke fitowa tar a hoto zuwa milimita kaɗan, don haka yana buƙatar hannu mai natsuwa. Manyan kyamarori masu canjin gilashi sun fi kowace inganci, sai dai akwatinsu na alminiyom kaɗai kan cinye rabin nauyin da aka yarje wa fasinja.

Idan kuɗi bai isa komai ba, ya fi kyau a kashe shi kan haske. Ƙaramar fitilar walƙiya guda ɗaya, a kan hannu mai lanƙwasa, ta wadatar ga wannan aiki. Ana ajiye ta ta gefe ko ta sama, ta yadda gefen haskenta ne kawai zai taɓa halittar, ƙurar da ke gaban gilashi kuma ta zauna cikin duhu. Fitila mai ci kullum ta fi sauƙin sarrafawa, amma takan kori jatan lande da sauran halittu masu gudun haske.

Akwai ƙa'idojin tafiya da ba a tsallakewa. Batiran litiyom na ajiya dole su kasance a jakar hannu, kuma wanda ƙarfinsa ya wuce wat-awa 100 sai da izinin kamfanin jirgi. Ba a rufe akwatin kyamara gam lokacin tashi, saboda sauyin matsin iska kan sa ya ƙi buɗuwa bayan sauka; ana cire zoben robar da ke toshe bakinsa a adana shi daban. Wannan zobe shi ne ran akwatin gaba ɗaya: silin gashi ɗaya ko ƙwayar yashi a kansa ya isa ya shigar da ruwan gishiri ya kashe kyamara. Saboda haka ƙwararru kan tafi da zobe na biyu da man shafa shi, su kuma fara tsoma akwatin babu komai a ciki cikin ruwan daɗi kafin nutson farko.