Alekzandira 'Yar Danmak: Sarauniyar da Ingila Ta So Ganinta, Ta Ƙi Jin Maganarta

A hawan ƙarshe na wani gida mai launin rawaya a birnin Kofanhegan, daf da fadar sarkin Danmak, akwai ɗakin da wasu 'yan mata biyu suke kwana wajen shekarun 1850. Sanyi na shigo musu ta ko'ina, su ke ɗinka wa kansu kayan sawa, idan lokacin cin abinci ya yi kuma su taya kai kwanuka. Babbar, Alekzandira, ita ce ta zama matar Sarkin Ingila Edwad na Bakwai. Ƙanwar, Dagmar, ta auri sarkin Rasha. Ubansu, Yarima Kiristiyan, jinin sarauta ne amma daga gefe. Albashinsa na soja, kimanin fam 800 a shekara, shi gidan yake ci, gidan ma ba su aka yi su zauna ba haya.

An haifi Alekzandira ranar 1 ga Disamba, 1844. Tana 'yar shekara bakwai sa'a ta leƙo gidan. Sarki Firedirik na Bakwai ba shi da ɗa, sai manyan ƙasashen Turai suka zauna a Landan a 1852 suka amince mahaifinta ya gaje shi. Hakan bai cika musu aljihu ba, amma ya sa masu neman amare a fadojin Turai suka tuna cewa akwai 'yan mata a gidan nan.

Auren haɗi aka yi mata. Sarauniya Biktoriya ta Ingila da mijinta Albat suna neman wadda za ta zaunar musu da babban ɗansu, yarima mai jiran gado, wanda take-takensa suka fara damunsu tun yana saurayi. So samu, 'yar wani gidan sarauta na Jamus, domin Albat Bajamushe ne, kuma babbar 'yarsu tana auren yariman Furusiya. Aka bi gidajen ɗaya bayan ɗaya, ba a samu wadda ta kwanta musu a rai ba. Sai hankali ya koma kan Alekzandira, kuma ita wannan babbar 'yar ce ta shirya haɗuwarta ta farko da yariman a cocin garin Speyer a watan Satumba na 1861. Wata uku bayan haka Albat ya rasu, Biktoriya ta sa baƙaƙen kayan makoki waɗanda ba ta cire ba har ƙarshen ranta. Ranar 10 ga Maris, 1863, da aka ɗaura auren a Winza, suruka tana can kan wani ɗan baranda a sama tana leƙen taro. Cikin dangin amarya na kusa-kusa kaɗai aka gayyata, abin da ya sosa ran mutanen Danmak. Jama'ar Landan kuwa cika tituna suka yi don ganinta, kuma farin jinin da ta samu a makon nan bai dushe ba har shekara sittin.

Shekarar ba ta ƙare ba sai da aka naɗa ƙanenta sarkin Girka da sunan Joji na Ɗaya, mahaifinta kuma ya hau gadon Danmak a watan Nuwamba. Murnar ba ta yi nisa ba. A farkon 1864 Furusiya da Ostiriya suka auka wa Danmak a kan yankunan Shileswig da Holstain, kafin a ajiye makamai ƙasar ta rasa kusan kashi biyu cikin biyar na faɗinta. Mai karatu ya dubi inda yarinyar nan ta tsinci kanta. Shekararta goma sha tara, ta haifi ɗanta na fari bakwaini a watan Janairu, ana karkashe sojojin ubanta, kuma mijin yayar mijinta yana tare da rundunar da ke yin kisan. Surukarta na bayan Jamusawa. Gwamnatin Birtaniya, wadda Danmak ta sa ran za ta kawo ɗauki, ta naɗe hannu. Duk macen da aka taɓa yin rigimar gona tsakanin gidan ubanta da gidan mijinta ta san irin wannan zama: a ci abinci tare da waɗanda ke murnar abin da ya hana ta barci, kuma a sa ran ta saki fuska. A nan dai mijinta ya tsaya mata, ya fito fili ya goyi bayan Danmak duk da fushin uwarsa. Tun daga lokacin ta ƙulli Furusiya a zuciya har ta bar duniya.

Da yawa suna ɗaukar wannan a matsayin riƙon mace da ta kasa yafiya. Ni kam ina ganin akwai hangen nesa a ciki, kuma abin da ya faru a 1890 shi ne hujjata. A shekarar nan gwamnatin Birtaniya ta ƙulla ciniki da Jamus: za ta miƙa mata Heligoland, wani ɗan tsibiri a Tekun Arewa, ita kuma Jamus ta sakar mata mara a Zanzibar. Babu wanda ya nemi ra'ayin mutanen Zanzibar, domin haka Turawa suke rabon Afirka a zamanin. Alekzandira ta zauna ta rubuta takarda aka raba wa manyan ministoci da hafsoshin soja, tana gargaɗin cewa tsibirin na da muhimmanci a fagen yaƙi kuma Jamus za ta yi amfani da shi. Ba a saurare ta ba. Jamusawa suka mayar da Heligoland sansanin jiragen ruwan yaƙi, kuma a ruwan da ke kewaye da shi aka yi babban artabun teku na farko tsakanin ƙasashen biyu a watan Agusta na 1914. Ko bayan da ta zama sarauniya ba a barinta ta ga takardun gwamnati da ake kawo wa mijinta, wasu tafiye-tafiyensa na waje ma a gida ake barinta don kada ta tsoma baki.

Abin da fadar da jama'a suke so a wurinta shi ne kyau da ado da 'ya'ya. 'Ya'yan ta ba su, shida tsakanin 1864 da 1871, na ƙarshen bai kwana biyu a duniya ba. A haihuwa ta uku, a 1867, zazzaɓi mai kama gaɓoɓi ya kusa kashe ta, ya bar mata gwiwa a sandare, ta riƙa ɗingishi har tsufanta. Sai ga wasu matan Ingila sun fara kwaikwayon ɗingishin a matsayin yayi. Tana da ɗan tabo a wuya, tana rufe shi da doguwar kwala da sarƙa mai hawa-hawa, wannan ma ya zama yayi na shekaru da dama. Abin da ba wanda ya kwaikwaya shi ne kurumtar da ta gada daga wajen mahaifiyarta, wadda ta riƙa ƙaruwa shekara bayan shekara. Mace ce mai son mutane da raha, amma sai ta zauna a tsakiyar liyafa ana ta hira tana murmushi ba ta jin abin da ake cewa. A hankali ta janye jikinta zuwa gidansu na Sandringham, wajen 'ya'yanta da karnukanta da dawakinta da kyamarar da take ɗaukar hoto da ita.

Shi kuwa mijin bai taɓa barin neman mata ba, kuma ba a ɓoye yake yi ba. Lillie Langtry, Daisy Warwick, Alice Keppel, duk Landan ta san sunayensu. A 1870 har kotu aka kira shi ya ba da shaida a wata shari'ar raba aure. Shekara guda bayan haka taifot ya kwantar da shi rai a hannun Allah, ita ce ta zauna jinyarsa. Ranar da yake gargarar mutuwa a watan Mayu na 1910, an bar Alice Keppel ta shiga ta gan shi. Marubutan Ingila suna yabon haƙurinta, kuma ta cancanci yabon. Sai dai yabon haƙurin mace ya fi sauƙi a baki bisa faɗin laifin wanda ya sa ta haƙurin. Ba ta da hanyar fita: saki ba ya yiwuwa ga matar yarima mai jiran gado, komawa gida kuma zai ja wa ƙaramar ƙasarta abin da ba za ta iya ɗauka ba. Mutuncinta kaɗai ya rage a hannunta, shi ta riƙe. Mutuwar babban ɗanta Albat Bikta a watan Janairu na 1892, yana da shekara 28, ta fi duk waɗannan yi mata ciwo. Ta bar ɗakin da ya rasu a ciki yadda yake.

Ƙofa ɗaya aka bar mata a buɗe, ta asibitoci, kuma ta shige ta da gaske. Asibitin Landan da ke unguwar talakawa ta Whitechapel ya zama kamar gidanta na biyu, tana bin majinyata gado-gado. A can ta sadu da Joseph Merrick a 1887, mutumin da wata cuta ta ɓata wa halitta har aka riƙa yawo da shi ana biyan kuɗi a kalle shi. Ta gaisa da shi hannu da hannu, ta zauna ta yi hira da shi, daga baya ta riƙa aika masa da katin gaisuwa. A ƙasarta kuma wani likita, Niels Finsen, ya gano yadda ake maganin cutar tibi mai cin fatar fuska da haske mai ƙarfi, aikin da ya samar masa lambar Nobel a 1903. Tun a 1900 Alekzandira ta ba asibitin kyautar fitilar Finsen. Siyasar Danmak an hana ta kawowa Ingila, amma iliminta ta shigo da shi, kuma talakawan da cutar ta hana fita cikin mutane ne suka amfana. A 1902 aka kafa rundunar ma'aikatan jinya ta sojan Birtaniya da sunanta, ita ce shugabarta ta farko. A 1912 ta fara ranar sayar da furannin da naƙasassu suke haɗawa da hannu don tara wa asibitoci kuɗi, kuma gidauniyar da ta fito daga nan tana nan da ranta.

Tana da nata laifuffukan. Ba ta san lokaci ba, tana sa sarki da baƙinsa su yi ta jira. Kuɗi ba ya zama a hannunta, duk wanda ya rubuto da kuka sai ta aika masa. Mafi nauyi shi ne abin da ta yi wa 'yarta Biktoriya, wadda ta riƙe a gefenta tamkar mai hidima, har yarinyar ta tsufa ba ta yi aure ba. Kaɗaicin da ya dame ta sai ta ɗora wa 'yarta kuɗin maganinsa.

Akwai kuma abin da ya shafe mu kai tsaye. Bayan shekara kusan 38 a matsayin matar mai jiran gado, mijinta ya hau mulki a watan Janairu na 1901, aka yi bikin naɗinsu ranar 9 ga Agusta, 1902. Wata shida bayan haka sojojin Birtaniya ƙarƙashin Lugga suka ci Kano, a watan Maris suka ci Sakkwato, a watan Yuli na 1903 aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi. Da sunan mijinta aka yi wannan duka. Tun kafin nan, lokacin yaƙin Turawa da Mahadi a Sudan, ta tara kuɗin jirgin ruwan ɗaukar sojojin Birtaniya da suka ji rauni. Ba ita ta aika da rundunar ba, kuma mun ga yadda ake yi da shawararta. Amma gaskiya ce a faɗa cewa matar da ta yi kuka don manya sun danne ƙasar ubanta ta zauna a ƙololuwar daular da ke yi wa wasu irin wannan dannewar, kuma aikin jinƙanta na fagen yaƙi ga sojojin daular ya tafi.

Tsufanta ya zo daidai da rushewar duniyar da danginta suka mamaye. 'Yarta Maud ta zama sarauniyar Norwe a 1905, ɗanta ya zama Sarki Joji na Biyar a 1910, amma a 1913 aka harbe ƙanenta sarkin Girka a Salonika. Da yaƙin duniya ya ɓarke ta matsa sai an sauke tutocin sarakunan Jamus daga cocin Winza, aka kuwa sauke su a 1915. A 1918 'yan juyin juya hali suka kashe ɗan ƙanwarta, Sarki Nikolas na Biyu na Rasha, da iyalinsa baki ɗaya. Jirgin yaƙin Birtaniya ne ya ɗauko Dagmar daga Kirimiya a 1919, 'yan'uwan biyu suka sake zama tare na ɗan lokaci. A 1920 aka yi ƙuri'ar raba gardama, arewacin Shileswig ya koma hannun Danmak, shekara 56 bayan an ƙwace shi, kuma Allah ya nuna mata ranar.

Ta rasu a Sandringham ranar 20 ga Nuwamba, 1925, saura kwana kaɗan ta cika shekara 81, aka binne ta a Winza kusa da mijinta. A shekarar ne jikanta, wanda daga baya ya zama Edwad na Takwas, ya zo Kano aka yi masa hawan daba. Gimbiya Alekzandira da ta wakilci Sarauniya Elizabet a bikin 'yancin Nijeriya a Legas ranar 1 ga Oktoba, 1960, tattaɓa kunnenta ce.