Mai jego ta koma gida Habbena, wa zai duba ta?

A Habbena, unguwa a gunduma ta 7 ta Njamena, mace kan haihu a asibiti da safe, la'asar tana gida ana ɗora ruwan wankan jego. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa, a ƙa'idarta ta 2022, cewa ta yi mai jego ta cika awa 24 kafin sallama. Daga nan ungozoma ta duba ta ranar uku, tsakanin kwana 7 da 14, sannan a mako na shida.

Kwanakin farkon nan ne masu hatsari: zubar jini, zazzaɓi, jijjiga. Uwar miji ta iya dama kunun kanwa, amma ba ta auna hawan jini. Ungozoma ce ke aunawa, ta leƙa cibiyar jinjiri, ta ga ko yana kama nono.