Mu Taimaki Ɗalibanmu Su Gyara Rubutunsu

Kowace shekara iyaye a ƙauyukanmu sukan sayar da buhun masara ko akuya domin su biya kuɗin jarrabawar WAEC ko NECO. Sakamako ya fito, sai a ga yaro ya ci sauran darussa amma Turanci ya kayar da shi. In babu kiredit a Turanci kuwa, jami'a ba za ta ɗauke shi ba. Sau da yawa yaron ya san abin da zai faɗa. Abin da ya cuce shi shi ne ƙananan kurakurai na haruffa, da nahawu, da alamomin rubutu. Waɗannan ana iya gyara su a gida ba tare da kashe kuɗi ba.

Inda maki yake zubewa

A jarrabawar Turanci ta WAEC ana so ɗalibi ya rubuta insha'i mai kalmomi wajen 450. Makinsa 50 ne: 10 don abin da aka faɗa, 10 don tsari, 20 don iya sarrafa harshe, 10 kuma don tsabtar rubutu. A kashi na ƙarshe, kowane kuskure yana cin rabin maki. Ke nan kuskure 20 ya isa ya cinye goman nan ƙaf. Ɗaliban makarantun Littafi Mai Tsarki masu rubutu da Hausa su ma suna asarar maki ta wannan hanya. Wanda ya saba da kula a harshe ɗaya, zai kula a ɗayan.

Haruffa da rabon kalmomi

Hausa tana da haruffa masu lanƙwasa: ɓ, ɗ, ƙ. In an bar lanƙwasar, ma'ana takan canja. Ƙasa dabam, kasa dabam. Ƙura tana tashi da iska, kura kuwa tana cin akuya. Ɗalibin da ya so rubuta “Ɗan Allah” amma ya rubuta “dan Allah”, ya koma roƙo ke nan.

Haka ma rabon kalmomi. “Ku ma ku zo” ba ɗaya ba ne da “kuma ku zo”. “Ya yi” aiki ne, “yayi” kuwa abin da ake yi a zamani ne. “Ba ta” ana raba shi, kamar a “ba ta zo ba”. Amma kalmar mallaka a manne take: gidansa, gonarmu.

A Turanci, yaranmu sukan rikita p da f, domin Hausa ba ta bambanta su. Sukan kuma rikita kalmomi masu sauti ɗaya, irin su their da there.

Nahawu

A wurare da yawa muna magana ba tare da bambanta namiji da tamace ba, muna kuma fahimtar juna. Amma a takardar makaranta dole a bambanta. A rubuta “mace ta zo”, ba “mace ya zo” ba. A rubuta “rigar Ladi”, ba “rigan Ladi” ba. Yawancin sunaye masu ƙarewa da a tamata ne, sai kaɗan irin su gida da ruwa. A Turanci kuma, in an fara ba da labarin abin da ya wuce, a riƙe wannan lokaci har ƙarshe.

Alamomin rubutu

Tsofaffin littattafan Sabon Alkawari na Helenanci an rubuta su da manyan baƙaƙe a manne, ba rabon kalmomi, alamomi kuma kaɗan ƙwarai. Sai a 1551 wani mai buga littattafai, Robert Estienne, ya sa wa ayoyinsa lambobi. Dukan wannan aiki domin mai karatu ne, kada ya ɓace a hanya. Ɗalibi ma ya tausaya wa malamin da zai karanta takardarsa.

• Aya (.) tana rufe jimla. Jimla ta gaba ta fara da babban baƙi.
• Waƙafi (,) ɗan hutu ne. “Bitrus ya tafi gona” labarin Bitrus ne. “Bitrus, ya tafi gona” kuwa Bitrus ake gaya wa labarin wani.
• Alamar tambaya (?) tana bin kowace tambaya.
• Maganar da aka ɗauko daga bakin wani ko daga littafi, a sa ta cikin alamar zance, a kuma faɗi inda aka samo ta. Kwafar aikin wani ba tare da ambatonsa ba rashin gaskiya ne.

Abin da ikkilisiya za ta iya yi

1. A riƙa ba matasa karatun nassi ran Lahadi. Mai karatu da ƙarfi yana koyon inda ake tsayawa.
2. A samu malami ɗaya cikin jama'a ya yi wa ɗalibai shifta sau ɗaya a mako.
3. Kowane ɗalibi ya riƙe ɗan littafi na kalmomin da yakan kuskure.
4. Zumuntar mata ko ta matasa su haɗa kuɗi su sayi ƙamus a ajiye a majami'a.
5. A hana gajerce kalmomi irin na saƙon waya a littafin makaranta.
6. A ɗakin jarrabawa, ɗalibi ya rage minti biyar domin ya sake duba abin da ya rubuta.

Iyayen da ba su yi boko ba ma suna da nasu aiki. Ku sa yaro ya karanta muku rubutunsa da ƙarfi da yamma. Inda numfashinsa ya ƙare bai tsaya ba, wataƙila aya ce ta ɓace a wurin.

Don tattaunawa

• Yara nawa ne a cikinmu za su zauna jarrabawa bana?
• Wane ne zai ba da awa ɗaya a mako domin ya duba rubutunsu?