Lufus: Ba Sammu Ba Ne, Ba Kuma Man Bilicin Ba

Wata baiwar Allah da na sani ta shekara biyu tana shan maganin maleriya da taifot. Zazzaɓi ya zo ya tafi, yatsu su kumbura da safe har ta kasa matse tsumma, gashi ya riƙa biyo mataji. Da wani baƙin tabo ya fito mata a kumatu ya haye karan hanci, dangin miji suka ce man bilicin ne ya ƙona ta. Gwaggonta kuwa cewa ta yi, "'Yar nan, wannan ba ciwon asibiti ba ne, hannu aka sa miki." Sai da ƙafafunta suka kumbura, fitsari ya koma kumfa, sannan wani likita ya rubuta lupus a katinta.

Lufus cuta ce da garkuwar jiki ke rikicewa, ta koma yaƙar jikin da ya kamata ta tsare: fata, gaɓoɓi, jini, ƙoda, wani lokaci har huhu da ƙwaƙwalwa. Takan tashi ta kwanta. Wannan ɗabi'ar tata ce ke ba maganar sammu da iska gindin zama, domin in ta lafa da kanta bayan an sha jiƙo, sai a ce jiƙon ne ya yi aiki. Addu'a ba ta hana zuwa asibiti. Abin da ke ci mini rai shi ne watannin da ake ɓatawa ana zargin kishiya, ƙoda kuwa tana lalacewa a ɓoye.

Ba a ɗaukar lufus. Ko a kwano ɗaya kuke ci, ko shimfiɗa ɗaya kuke kwana, ba za ta tsallako ba. Ba ƙanjamau ba ce, ba kuma daji ba, ko da yake wasu magungunanta ana ba masu daji. Ba ta sauka kai tsaye daga uwa zuwa 'ya, amma akwai ɗan gado a ciki. Masu cewa cutar mata ce sun kusa gaskiya: kimanin 9 cikin 10 mata ne, galibi tsakanin shekara 15 zuwa 45. Sai dai maza ma suna yi, kuma takan zo musu da zafi.

"Ciwon Turawa ne." Wannan kuskuren har likitoci sun daɗe a kansa, ana ganin da wuya a same ta a Afirka ta Yamma. Da aka samu ƙwararru da kayan gwaji a wurare irin su Legas, sai ga masu ita suna ta bayyana. A Amurka da Ingila ta fi yawa, ta kuma fi tsanani, a jikin mata baƙar fata. Akwai wani tarko kuma: littattafai na kwatanta tabon fuskar da ja, mai siffar malam-buɗe-littafi. A fatarmu sau da yawa duhu yake yi.

Da gaske ne ba a warkewa? Har yau ba a samu maganin da ke tumɓuke ta ba, duk wanda ya ce yana da shi kuɗinki yake so. Amma ana danne ta, mutum ya yi karatu, ya yi aure, ya tsufa. A shekarun 1950 kusan rabin masu ita ne ke kaiwa shekara 5 bayan an gano ta. Yau, inda ake samun kulawa, wajen 9 cikin 10 na wuce shekara 10.

Ginshiƙin maganin shi ne haidiroksikulorokwin, wanda wasu suka sani da Plaquenil. In mai kyamis ya ce ai na maleriya ne, bai yi ƙarya ba, asalinsa ke nan. Amma shi ke rage tashin cutar, kuma sai ya yi watanni kafin a ga aikinsa. Shi ne ya yi wahalar samu a 2020, lokacin da aka yi ta wawasonsa saboda korona. Mai shan sa tana bukatar gwajin ido a farko, sannan duk shekara in ta kai shekara 5 tana sha. Furednisolon kuwa yana kashe wutar ciwon da sauri, amma yana kumbura fuska, ya ta da suga da hawan jini. Kada fuska ta cika ki jefar da shi dare ɗaya. A hankali likita ke rage shi, tsayar da shi kwatsam na iya kaiwa ga halaka. Kayan da ake tallatawa da sunan ƙara ƙarfin garkuwar jiki kuma ba naki ba ne, taki garkuwar ƙarfi ne ya yi mata yawa. Haka yawan haɗiyar dikulofenak don ciwon gaɓoɓi, ƙoda ce ke biyan bashin.

Ƙodar nan ita ce abin tsoro. Kusan rabin masu lufus takan taɓa musu ita, kuma ba ta ciwo a farko. Mawaƙiyar Amurka Selena Gomez, duk da dukiyarta, sai da lufus ta sa aka yi mata dashen ƙoda a 2017. Ɗan tsinken da ake tsomawa a fitsari, wanda ƙaramin asibiti ma ke da shi, yana iya nuna matsalar tun kafin ƙafa ta kumbura. Ki nemi a yi miki shi duk zuwa, tare da awon jini.

Maganar haihuwa ita ta fi raba aure, kuma ƙarya ta fi yawa a cikinta. Mai lufus tana haihuwa. Sharaɗin shi ne a shirya cikin, cutar ta kwanta aƙalla wata 6, a sauya magunguna irin su metotireset da maikofenolet masu illa ga ɗan tayi. Haidiroksikulorokwin ana ci gaba da shi. Gaskiya ne wasu na fama da ɓari a kai a kai saboda jininsu na saurin daskarewa, amma akwai gwajinsa, akwai maganinsa.

Wa za a gani? Likitan rumatoloji, wato ƙwararren gaɓoɓi da cututtukan garkuwar jiki. Ba su da yawa, galibi sai a asibitocin koyarwa kamar na Malam Aminu Kano da na Shika a Zariya, don haka ki nemi takardar turawa daga likitan da ke duba ki. Gwajin jini na ANA shi kaɗai ba ya yanke hukunci, domin yakan nuna alama ko a jikin masu lafiya. Sai an haɗa da wasu gwaje-gwaje da abin da likita ya gani. Ki tafi da duk kwalayen magungunanki, har na gargajiya. In tabo ya fito, ɗauki hotonsa a waya, don yana iya ɓacewa kafin ranar asibiti.

Rana tana tayar da cutar, wannan ba camfi ba ne. Hijabi ya rufe jiki, amma fuska da bayan hannu suna waje, sai a haɗa da laima da man kariya daga rana, a kuma mai da shanya da cefane safiya ko yamma. Batun azumi a tambayi likita tun cikin Sha'aban, musamman in ƙoda ta taɓu. Gajiyar lufus kuwa ba son jiki ba ce. In mai lufus ta kwanta da hantsi alhali jiya lafiya lau ta yi tuwo, Maigida, a samu mai kama mata wankin ranar.