DASHEN GASHI: GARIN GYARAN GIRA KADA A RASA IDO

Sanƙo ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Tun kaka da kakanni ana ganinsa a kawunan magidanta, ba a kuwa ɗauke shi a bakin komai ba, domin wanzami yakan kwashe sauran sumar da aska, hula ko rawani su rufe kan. Amma zamani riga ne. Yau ma'aikacin gwamnati da aka tura aiki Beli, cikin Ƙaramar Hukumar Rogo, ko ɗalibin da ya komo hutu Ƙaraye, da zarar ya buɗe wayarsa sai ya ci karo da tallar masu dashen gashi na Istambul da Delhi, har da na Legas da Abuja. Ga hoton mutum jiya kansa ƙwal, ga shi yau da suma har goshi.

Abin da tallar ba ta nunawa shi ne ɗimbin waɗanda aka yi wa aikin ya ɓaci, suna bin likitoci suna neman gyara. Gyaran kuwa ya fi aikin farko wuya da tsada, wani lokaci ma ba ya yiwuwa sam. Ya kamata mai karatu ya san dalili tun bai kai kansa ba.

RUMBUN DA BA A SAKE CIKAWA

Manomin rani a fadamun Beli, ko a gefen madatsar ruwa ta Challawa, ya san dashe sarai. Yakan reni irin tumatir ko tattasai a wuri guda, in ya yi ƙwari ya cire shi da saiwarsa ya dasa a lambu. Haka likita yake yi. Yakan cire gashi tare da saiwarsa daga ƙeya da gefen kai, ya dasa a goshi ko tsakar ka inda sanƙo ya cinye.

Dalilin zaɓen ƙeya shi ne, sanƙon maza gado ne da yake aiki tare da wani sinadari na jikin namiji da ake kira DHT, wanda yake sa saiwar gashi ta riƙa ƙanƙancewa har ta daina fid da gashin kirki. Wani masani na Amurka, James Hamilton, shi ya tabbatar da dangantakar sanƙo da sinadaran jikin namiji a shekarar 1942. Gashin ƙeya kuwa ba ya cika jin wannan sinadari, ko an ɗauke shi an kai goshi yakan riƙe halinsa na asali.

To, a nan ne likita da manomi suka raba hanya. In dashen manomi ya mutu, sai ya sake renon iri. Ƙeya kuwa ba ta sake tsirar da abin da aka cire mata. Kan mutum yana ɗauke da silin gashi kimanin 100,000, suna fitowa gindi-gindi, kowane gindi da sili 1 zuwa 4. Likitoci sukan ƙiyasta cewa abin da za a iya ɗiba daga ƙeya a tsawon rayuwar mutum, ba tare da ta yi fili ba, yana tsakanin gindi 4,000 zuwa 8,000. Watau dashe ba ya ƙara ko sili ɗaya, rarraba abin da ya rage kawai yake yi. Duk gindin da aka ɓata a aikin farko ya tafi ke nan, kuma daga wannan rumbun ne za a ɗebi na gyara.

KURAKURAN DA AKA FARA DA SU

Wani likita na ƙasar Japan, Dokta Shoji Okuda, ya rubuta bayanin dashen gashi a shekarar 1939, amma Yaƙin Duniya na Biyu ya hana duniya sanin aikinsa. Sai a 1952 Dokta Norman Orentreich ya fara yi wa masu sanƙo dashe a birnin New York, ya buga sakamakonsa a 1959.

A wancan zamani da wani ƙarfe mai kaifi, faɗinsa milimita 4, ake huda fata a ciro gashi dunƙule guda. In ya tsiro sai ya fito tsibi-tsibi a jere kamar gindin gamba, tun daga nesa ana gane an yi aiki. Cikin shekarun 1970 da 1980 aka kuma yi yayin yanke fatar da ta yi sanƙo a ja gefe da gefe a ɗinke, abin da ya bar wa mutane da yawa dogon tabo a tsakar ka. Wasu kuma aka soka musu zaren roba a fata a madadin gashi, kai ya yi ta ruwa, har Hukumar Abinci da Magunguna ta Amurka ta haramta wannan hanya a 1983.

Sai cikin shekarun 1990 aka koma rarraba gashi gindi ɗaya-ɗaya a ƙarƙashin madubin likita. Hanyoyi biyu ne ake bi yanzu. Ta farko, wadda ake kira FUT, ana yanko siririyar fata daga ƙeya a ɗinke wurin, ta bar tabo mai kama da layi. Ta biyu, FUE, wadda likitoci biyu na Amurka, William Rassman da Robert Bernstein, suka yi bayaninta a 2002, ana cire gindi ɗaya-ɗaya da ɗan ƙarfe mai faɗin kimanin milimita 1, ta bar tabo ɗigo-ɗigo. Duk wanda ya ce akwai dashen da ba ya barin tabo, bai faɗi gaskiya ba.

KASUWAR BAYAN FAGE

Sauƙin hanyar FUE shi ya buɗe ƙofa ga masu neman kuɗi ido rufe. Birnin Istambul na ƙasar Turkiyya ya zama babbar kasuwar wannan aiki saboda araha. Akwai ƙwararrun likitoci a can, akwai kuma wuraren da mai jinya zai ga likita na ɗan lokaci kaɗan, sa'an nan a miƙa kansa ga waɗanda ba su da izinin yin tiyata, ana yi wa mutane da dama a yini guda.

Abin ya kai Ƙungiyar Likitocin Dashen Gashi ta Duniya, wadda aka kafa a 1993, ta fara yaƙin faɗakarwa game da wannan kasuwa a 2019. Daga 2021 kuma ta keɓe ranar 11 ga Nuwamba ta zama Ranar Gyaran Dashen Gashi ta Duniya, inda wasu daga cikin likitocinta sukan yi wa waɗanda aka cuta gyara kyauta. A ƙasar Indiya, bayan rasuwar wani saurayi a Delhi sakamakon cutar da ta shiga jininsa daga wurin dashe, Hukumar Likitoci ta ƙasar ta fito da ƙa'idoji a 2022, ta ce likitan da ya sami horo ne kaɗai zai yi aikin. Wannan ya isa ya nuna cewa dashen gashi tiyata ce, ba aski ba.

ME KE KAWO DA-NA-SANI?

Akwai rashin gamsuwar da maganinta haƙuri ne kawai. Gashin da aka dasa yakan zube cikin makonnin farko, saiwar ta kwanta, sabon gashi ya fara leƙowa bayan wata 3 zuwa 4. Ba a ganin cikakken sakamako sai an shekara, wani lokaci har wata 18. Wanda ya tsorata a wata na biyar ya garzaya neman wani dashen, ɓarna zai ƙara.

Sauran kuwa na gaske ne. Akwai wanda aka sauko masa da bakin gashi ƙasa ainun, aka ja shi sak kamar da awon magini, alhali bakin gashi na halitta ba ya miƙewa haka. Akwai wanda aka dasa wa gashi yana kallon inda bai kamata ba, ya miƙe tsaye ya ƙi kwanciya. Akwai wanda rabin dashensa bai kama ba, domin an guntule saiwar wurin cirewa, ko an bar ta ta bushe kafin a dasa. Mafi muni shi ne wanda aka yi wa ɗiban karan mahaukaciya, aka kwashe masa gindi dubbai a zama ɗaya, ƙeyar ta koma kamar tufar da asu ya ci. Wasu kuma wurin yakan yi ruwa, ko fatar ta mutu saboda an cika huda ta kusa da kusa, jini ya kasa isa.

Har ila yau, dashe ba ya tsai da sanƙo. Saurayi ɗan shekara 23 da aka cike wa goshi zai iya wayar gari bayan shekara 10 ya tarar gashinsa na asali ya ci gaba da zuba, dashen ya tsaya shi kaɗai a gaba, bayansa fili, rumbu kuwa ya yi ƙasa.

BAƘAR FATA TANA DA NATA HALI

Gashin mutumin Afirka ba a waje kaɗai yake nannaɗe ba, saiwarsa ma a lanƙwashe take a cikin fata. Ƙarfen cirewa kuwa miƙaƙƙe ne, saboda haka hannun da ya saba da kan Bature ko Balarabe yana iya guntule saiwa da yawa. Bugu da ƙari, baƙar fata ta fi saurin yin tabon nan mai tasowa yana kauri yana yaɗuwa, wanda likitoci suke kira kiloyid. Duk wanda ya san hujin kunne ko tsagar wanzami ta taɓa tasar masa, ko yana fama da ƙurajen ƙeya masu tauri da kan biyo bayan aski, lalle ne ya gaya wa likita. Likitan kirki yakan yi gwaji da gindi kaɗan tukuna ya ga yadda fatar za ta warke.

Kuma ba kowace zubar gashi ce sanƙo ba. Makero, ƙarancin jini, ciwon maƙoƙo, zazzaɓi mai tsanani da haihuwa duk suna zubar da gashi, kuma magani ko lokaci yakan dawo da shi. Ga mata, kitso mai tsauri da ƙarin gashi mai nauyi su ne suke cinye gefen goshi; in an sassauta da wuri yakan farfaɗo. Akwai kuma wata cuta da ta fi kama mata baƙar fata, mai farawa daga tsakar ka tana kashe saiwa. In aka yi dashe tana kan ci, dashen ma mutuwa zai yi.

YADDA AKE GYARA

Matakin farko shi ne jira, yawanci shekara guda, domin fata ta warke a ga abin da ya kama. Sa'an nan likita ya auna abin da ya rage a ƙeya, domin shi zai nuna iyakar abin da zai yiwu. Sau da yawa akan fara da magungunan rage zubar gashi, watau minozidil na shafawa, wanda Amurka ta amince da shi a 1988, da finasterid na sha, wanda ta amince da shi a 1997. Dukansu aikinsu yana tsayawa in an daina, na biyun kuma yana iya rage wa wasu maza sha'awa, ba a kuwa ba mace mai ciki. Ba magungunan da za a saya a bakin kasuwa ba ne.

In dashen ya fito tsibi-tsibi, akan ciro dunƙulen a rarraba shi a sake dasawa, ko a dasa sili ɗaya-ɗaya a gabansa ya ɓoye shi. In bakin gashi ya sauko da yawa, akan cire na ƙasa ko a ƙone saiwarsa da hasken leza. Tabo mai faɗi akan yanke shi a sake ɗinkewa, ko a dasa gashi a cikinsa, ko da yake dashe bai cika kamawa a kan tabo kamar a lafiyayyar fata ba. In ƙeya ta ƙare, akan ɗebo daga gemu ko ƙirji, amma kamanninsu da na kai ba ɗaya ba ne. Akwai kuma jarfa ta ɗigo-ɗigo da ake yi wa fatar kai domin ta yi kama da sabon aski. Gyara yakan ɗauki zama biyu ko uku, da watanni a tsakaninsu, kuma burinsa a rage muni ne, ba a mai da mutum yadda yake yana saurayi ba.

KAFIN A KAI KAI

Ta fuskar addini, Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Malesiya a 2007, ta sa dashen gashi ga wanda nasa ya zube cikin gyaran da ya halatta, bisa sharaɗin ƙwararren likita ne zai yi, kuma cutarwar ba ta fi amfanin ba. Sharaɗin nan shi ne jigon maganar.

Mutumin Beli ko Rogo ba ya bukatar jirgin sama kafin ya san abin da ke damun kansa. Akwai likitocin fata a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, da na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika kusa da Zariya. Can ya kamata a fara, ko kafin dashe ko bayan ya ɓaci. Wanda kuma ya ƙudura niyya, sai ya tambayi sunan likitan da zai riƙe ƙarfen da hannunsa, ya tabbatar yana da rajista. Ya nemi ganin aikin da ya yi wa baƙar fata, bayan shekara guda ba bayan mako guda ba. Ya tambayi gindi nawa za a cire, nawa za a bar masa domin gaba, kuma wa zai duba shi in wurin ya yi ruwa bayan ya komo gida. Ya karɓi duk wannan a rubuce, ya adana tare da rasit da hotuna.

Likitan da ya yi sakaci a cikin Nijeriya ana iya kai ƙararsa gaban Majalisar Likitoci da Likitocin Haƙori ta ƙasa, wadda take da kwamitin bincike. Amma ikonta bai tsallake iyaka ba. Wanda aka ɓata wa kai a wata ƙasa, sau da yawa ba shi da wanda zai kama, ga kuɗin jirgi da na aiki sun tafi, ga na gyara yana jiransa. Ma'aikacin da zai ci bashin albashin watanni domin wannan tafiya, ya kamata ya yi lissafin duka biyun tun yana gida. In lissafin bai fita ba, askar wanzami da hula suna nan, ba su kuwa taɓa barin kowa da da-na-sani ba.